Ina Masanan Annobar Da Za Su Zauna A Malanville?

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana safara tsakanin Malanville da Gaya da Kamba ya san abubuwan da ke iya tsayar da ciniki cak cikin dare ɗaya. Na farko siyasa ce, kuma mun ɗanɗana kuɗarta. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba na 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka toshe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, kaya suka lalace a cikinsu masu su na kallo. Na biyu ambaliyar kogin Kwara ce, wadda kan shafe gonakin shinkafa daga nan har Karimama. Na uku kuwa annoba, kuma a kanta wannan jarida ke son yin magana yau, domin ita kaɗai ce a cikin ukun ake iya tarewa tun tana ƙarama, muddin akwai mai tarewar.

Mai tarewar nan yana da ilimi na musamman, wanda ake kira ilimin bin diddigin annoba. Akwai jami'o'i a Benin da Najeriya da Burkina Faso da ke koyar da shi har zuwa digiri na biyu, kuma duk shekara suna yaye ɗalibai. Amma idan yaro ya zo wa mahaifinsa a rumfa ya ce wannan fanni yake son karantawa, tambayar da Alhaji zai yi masa sananniya ce: "To, in ka gama, asibiti za ka buɗe ko me?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Amsar ita ce aiki akwai shi, har ma mai tsoka, sai dai kusan duk hanyoyinsa barin bakin iyaka suke yi su nufi manyan birane. Wannan shi ne abin da ke damunmu.

Bari mu fara da aikin kansa, don da yawa cikin masu karatu ba su taɓa jin bambancinsa da na likita ba. Likita yana duba mutum ɗaya da ke gabansa. Masanin annoba kuwa gari yake dubawa. Shi ne mai tattara rahoton mako-mako daga ƙananan asibitoci, ya lissafa mutum nawa suka zo da ciwo iri ɗaya, daga wace unguwa, masu shekara nawa, wace rijiya suka sha, wace kasuwa suka ci, wace jana'iza suka halarta. Alal misali, a cutar sanƙarau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'ida cewa idan aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda to a shiga shiri, idan suka kai 10 to annoba ta sauka, a fito da allurar rigakafi. Tsakanin 3 da 10 ɗin nan wani lokaci mako ɗaya ne ko biyu. Idan babu wanda ke riƙe da lissafin, ba za a farga ba sai an fara ƙirga kaburbura. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan, domin shi ma wanda ba ya duba littafinsa kullum ba ya sanin yaron shago na yi masa ɓarna sai uwar kuɗi ta karye.

Kuma yankinmu ba baƙon wannan ba ne. Dattawa ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000. Wani sabon nau'insa da ake kira C ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kebbi a 2013 da 2014, a 2015 ya tsallaka Nijar inda ya kama kimanin mutum 8,500 ya kashe sama da 500, har aka rufe makarantu a Yamai, kuma Gaya na cikin gundumomin da abin ya shafa. A 2017 ya sake barkewa a Zamfara da maƙwabtanta ya kama sama da 14,000. Kwalarar da ta addabi Madarunfa da Maraɗi a 2018 ta fara ne da majinyatan da suka fito daga Jibiya. Ba muna faɗin haka don ɗora wa wani ɓangare laifi ba, yau daga can ta zo, gobe daga nan za ta tafi. Cuta ba ta tsayawa a ofishin duwan, ba ta da fasfo, kuma hanyar da buhun masara ke bi ita take bi.

Wanda ke son wannan karatu a Benin, ƙofa mafi kusa da mu tana Jami'ar Paraku, inda akwai makarantar ENATSE mai horar da manyan ma'aikatan lafiyar jama'a da sa ido kan annoba. Mai son zurfafawa sai ya gangara Ouidah, cibiyar IRSP da aka kafa a 1977, wadda ke ɗauke da sunan Dakta Comlan Alfred Quenum, ɗan ƙasar nan da ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka daga 1965 zuwa 1984. A Wagadugu an buɗe wani shiri na shekara biyu a 2010 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Najeriya kuma akwai shirin NFELTP da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, mai ɗaukar likitocin mutane da likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya bambanta irin waɗannan shirye-shirye da sauran karatu shi ne kashi ɗaya cikin huɗu kawai ake yi a aji, sauran ukun a daji da ƙauyuka ake yin su, duk inda cuta ta ɓulla. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai na wata uku da na wata tara ga ma'aikatan da ke kan aiki, waɗanda su ne matakalar hawa zuwa na shekara biyun.

Ɗaliban shirin na Najeriya ba su daɗe ba suka nuna amfaninsu. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Zazzaɓin cizon sauro aka fara zato, magani bai yi aiki ba. Masu bin diddigi, cikinsu har da ɗaliban wannan shiri, suka shiga gida-gida a Dareta da Yargalma suna tambaya suna auna jini da ƙasa, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka wa a tsakar gida. Kimanin yara 400 aka rasa. Da an tsaya ga duba majinyaci ɗaya-ɗaya, da har yanzu ana ta ba da maganin zazzaɓi.

Sai kuma 2014, lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola ranar 20 ga Yuli. Duniya ta ɗauka an gama da birnin. Amma aka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, aka kai musu ziyara kimanin 18,500 ana auna zafin jikinsu, kuma ɗalibai da tsofaffin ɗaliban wannan shiri na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka bayyana Najeriya ta rabu da cutar. Masu safara zuwa Legas da Kwatano su tuna da halin da kasuwa ta shiga a waɗannan watanni uku, su kuma ƙiyasta yadda za ta kasance da abin ya ɗauki shekara biyu kamar yadda ya yi a Gini da Saliyo da Laberiya.

To ina mai wannan digiri ke zuwa bayan ya gama? Mafi yawa gwamnati suke komawa, domin daga can aka turo su. Wasu su zama jami'an sa ido na jiha ko na yanki, wasu su shiga hedikwatar ma'aikatar lafiya, a Najeriya kuma akwai hukumar NCDC da dokarta ta samu sa hannu a 2018. Wanda ya fito daga ɓangaren gwaje-gwaje yana da wurare irin su cibiyar CERMES ta Yamai, inda ake tantance samfurin sanƙarau da kwalara na ƙasar Nijar. Likitan dabbobi yana da nasa fagen, kuma masu fataucin shanu da kaji sun san darajarsa tun murar tsuntsaye ta 2006 da ta faro a Kaduna ta isa Magariya, da kuma zazzaɓin da ya kashe makiyaya da dabbobinsu a Cintabaraden a 2016. Akwai hanyar bincike da koyarwa, kamar cibiyar Epicentre da ke Maraɗi, wadda ta gwada wani rigakafin gudawar yara mai jure zafi a Madarunfa aka fitar da sakamakonsa a 2017. Sannan akwai hanyar da kowa ke hanƙoro, wato ƙungiyoyin duniya: Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, MSF, ƙungiyar AFENET mai hedikwata a Kampala, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka da aka buɗe a Addis Ababa a 2017. Yaƙin shan inna kaɗai ya ɗauki ɗaruruwan irin waɗannan ma'aikata a arewacin Najeriya kafin a bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020.

Tsanin yana da tsawo. Dakta Chikwe Ihekweazu ya shugabanci NCDC daga 2016 zuwa 2021, daga nan aka ɗauke shi ya jagoranci sabuwar cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya mai tattara bayanan annoba a Balin ta ƙasar Jamus. Dakta Nasir Sani-Gwarzo, wanda ya kula da lafiya a mashigan Najeriya lokacin Ebola kuma ya jagoranci tawagar gwamnatin tarayya zuwa Kano a 2020 lokacin korona, ya kai muƙamin babban sakatare. Saboda haka uban da ke tsoron ɗansa zai gama wannan karatu ya dawo zaman kashe wando, ya kwantar da hankalinsa.

Sai dai kash, a sake duba sunayen wuraren da muka lissafa: Abuja, Yamai, Kwatano, Kampala, Addis Ababa, Balin. Babu Malanville, babu Gaya, babu Kamba. Ma'aunin da aka amince da shi a duniya shi ne a samu ƙwararren mai bin diddigi guda ɗaya ga kowane mutum 200,000. Ƙidayar 2013 ta nuna ƙaramar hukumar Malanville na da sama da mutum 168,000, Karimama kuma sama da 66,000. Ke nan tun a wancan lokaci gundumar lafiya ta Malanville da Karimama ta wuce ma'aunin, tun ma kafin a haɗa da dubban baƙin da ke shigowa kowane ƙarshen mako cin wannan kasuwa, wadda ake lissafa ta a matsayin ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa. Wuri irin wannan ba ɗan kwas na wata uku kawai yake buƙata ba. Yana buƙatar mai babban digiri, mazauni, wanda maganarsa ke da nauyi a gaban magajin gari da shugaban duwan.

Ba ma zargin yaran da suka ƙi zama. Mutum ya yi shekara biyu yana yawon ƙauyuka, ya dawo da digiri na biyu, sai a mayar da shi kan teburinsa na da, da albashinsa na da, ƙarƙashin wanda bai san amfanin abin da ya karanto ba. Likitan tiyata yana da matakan girma da kowa ya sani, shi kuwa wannan sau da yawa ba a san ma inda za a ajiye shi ba. Garin da aka tura shi yana nesa da Kwatano da sama da kilomita 700, babu mota, babu kuɗin mai, samfurin da ya ɗauka sai ya roƙi direba ya tafi da shi. Rannan sai wata ƙungiya ta zo da kwantiragi mai ninka albashinsa sau da dama. Wane ne a cikinmu zai ƙi? Ko a kasuwa, yaron da ya ƙware in ba a ƙara masa ba, maƙwabci ne ke ɗauke shi.

Amma ita ma wannan hanya ta nuna ramukanta. Aikin ƙungiya kwantiragi ne na wata shida ko shekara, kuma yana tafiya ne da cutar da masu ba da kuɗi ke tsoro a lokacin. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta dakatar da tallafinta na waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. Ayyuka da dama suka tsaya a ƙasashenmu, ƙwararru suka wayi gari babu aiki. Abin ya yi ciwo, amma ya buɗe wata dama, domin ga mutanen da aka kashe kuɗi aka horar, ga kuma gurabun da suka daɗe babu kowa. Gwamnatin da ta bari wannan dama ta wuce ba ta da bakin cewa babu ƙwararru.

Don haka muna kira ga ma'aikatar lafiya ta Benin da ta kafa muƙami na dindindin na masanin annoba a gundumar Malanville da Karimama, da matakin albashi da ya dace da digirinsa, da alawus na zaman iyaka, da abin hawa da kuɗin mansa a rubuce cikin kasafi. A kuma sa a doka cewa shekarun da mutum ya yi a bakin iyaka su ne za su gaggauta masa ƙarin girma, yadda zuwa Malanville zai zama tsani, ya daina zama horo. Kiran ya shafi hukumomin Doso game da Gaya da na jihar Kebbi game da Kamba. Sannan a bai wa waɗannan mutum uku izinin kiran juna kai tsaye. Babu hankali a ce labarin amai da gudawa a Gaya sai ya je Yamai, ya tsallaka Kwatano, sannan ya hauro Malanville, alhali mai kwalekwale na ƙetare kogin cikin mintuna. Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO a Janairu na 2025 ba hujja ba ce, domin ƙasashen uku duka suna ƙarƙashin Dokokin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda suka tanadi sa ido a mashigan ƙasa. Hasali ma toshe gadar da aka yi a 2023 ƙara haɗarin ya yi, tunda jama'a suka koma ƙetarewa ta ruwa, inda babu mai duba kowa.

An riga an gwada cewa arewacin Benin na iya ɗaukar babban aiki. A watan Nuwamba na 2012, a Banikoara, nan cikin jiharmu ta Alibori, aka fara gwada yawo da allurar sanƙarau ta MenAfriVac ba tare da ƙanƙara ba har tsawon kwana huɗu a zafin da bai wuce digiri 40 ba, aka yi wa sama da mutum 150,000, kuma daga sakamakon nan wasu ƙasashe suka ɗauki darasi. Ma'aikatan karkara ne suka yi wannan aiki.

Yanzu sai mu juyo gare ku, Alhazai da Hajiyoyin kasuwa, domin rabin maganar taku ce. Mun san abin da ke ranku, kuma ba za mu yi kamar ba mu sani ba: ana tsoron in aka kai rahoton ciwo, hukuma za ta garƙame kasuwa. Shi ya sa ake ɓoye baƙon da ya kwanta a masauki, a saka shi a mota da dare a mayar da shi garinsu, ya bar cutar a nan ya kuma kai ta can. Tsoron yana da tushe, domin jami'in da bai san kan aikinsa ba, abin da ya iya kenan, ya rufe komai don ya tsira da kujerarsa. Ƙwararre ne kaɗai ke iya tsayawa gaban hukuma da alƙaluma ya ce matsalar rijiya ɗaya ce, ko layin masu abinci ɗaya, a gyara wannan a bar sauran kasuwa ta ci. Dokokin nan na 2005 da kansu sun hana a takura wa zirga-zirga da ciniki ba gaira ba dalili, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar rufe iyaka saboda kwalara. Amma sai da wanda ya san wannan zai faɗe shi a ɗakin taro.

Kuma abin da masanin annoba ke kwana yana nema, a hannunku yake. Fatoma ya san wanda ya kwana a gidansa da garin da ya fito. Shugaban tasha ya san motar da ta tashi da wanda ya tuƙa ta. Sarkin ruwa ya san kwalekwalen da ya ƙetare. Dillali ya san wanda ya yi musafaha da wa. Aikin da ya ɗauki Legas ɗaruruwan ma'aikata, a kasuwarmu ana iya yin rabinsa da waya ɗaya, in akwai yarda. Yardar ce ba a sayenta, kuma ba ta samuwa ga baƙon da ya zo da tafinta. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa da Dendi da Zabarmanci, wataƙila da Fillanci, ga Faransanci daga makaranta, ya riga ya mallaki abin da babu jami'ar da ke koyarwa. 'Ya mace ma ta fi, domin ita ce ke shiga cikin gida inda namiji zai tsaya a zaure, kuma a cikin gida yara ke kwance.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na tara kuɗi don gina masallaci, don tarbar baƙi, don fito da ɗan'uwa idan kayansa sun maƙale a hannun duwan. Ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu zuwa Paraku, sannan Ouidah ko Zariya, bai fi ƙarfin ƙungiyar masu albasa ko ta masu hatsi ba. A zaɓi mai ƙwazo ba ɗan shugaba ba, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu cewa zai dawo ya yi wasu shekaru a gundumar nan kafin ya nemi gaba, a kuma je wurin magajin gari da wakilan yankin a majalisa a nemi gurbin da zai dawo ya tarar. Lokacin sanƙarau yana farawa ne da hunturu ya ƙare da saukar damina. Muna fatan shugabannin kasuwar Malanville za su sa wannan batu cikin ajandar taronsu na gaba, su kuma gayyaci takwarorinsu na Gaya da Kamba da babban likitan gunduma, tun kafin iskar ta kaɗa.